Minti Ashirin a Bakin Famfo

Ihun bai gama fita ba Tsoho ya cafki wuyan rigar surukinsa, ya ja shi bakin famfo. Kan injin da suke wankewa ne ya suɓuce ya faɗa tankin soda mai cin fata, ruwan ya fantsamo wa surukin a idon dama. Tabaran kariya kuwa yana can saman goshi, wai gumi ke sa shi hazo.

"A kawo mota!" in ji mai walda.

"Ba inda za shi sai ya yi minti ashirin a ruwa," Tsoho ya ce. "Kai dai duba mana agogo."

Shekara shida ke nan da ya ba wannan bawan Allah 'yarsa, aikinsu a rumfa ɗaya, amma ba su taɓa haɗa ido ba. In Tsoho ya shigo ta gabas, sai surukin ya tuna yana da aiki a yamma. Ko gaisuwa ma da takalman Tsoho yake yin ta. Yau ga shi Tsoho ya danne masa kai a cinya, ya sa yatsu biyu ya buɗe fatar idon da ƙarfi, ruwa na kwarara a ciki.

"Baba, don Allah a sake ni, zan mutu!"

"Ba za ka mutu ba. Juya ƙwayar idon. Kalle ni."

"Baba..."

"Na ce kalle ni! Soda ba ruwanta da kunyarka."

Tsoro ne fal cikin Tsoho, irin wanda rabonsa da shi tun ranar da tasa ta same shi. Shi a lokacin mota aka kawo masa da gudu, saboda ƙauna. Kafin a isa asibiti soda ta gama cinye masa idon hagu.

Minti ashirin suka cika, ya ƙara biyar, sannan ya yarda aka tafi.

A asibiti likita ta sake wanke idon, ta daɗe tana haska shi. Ta rufe lafiyayyen da tafin hannunta.

"Duba wajen ƙofa. Me kake gani?"

Tsoho ne tsaye a wurin, wandonsa sharkaf. Surukin ya ɗaga idon da ya yi jajir, ya ɗan tsaya, sai ya sunkuyar da kai da sauri.

"Ba ka ganin komai ne?" in ji likita.

"Yana gani, likita," Tsoho ya ce. Ya ja ƙofar a hankali ya ba shi wuri.