Jirgin da Baba Ba Ya So

Shagon gyaran agogon Baba yana kallon layin dogo, shi ya sa duk unguwar ba mai ce masa mai agogo, sai dai Mai Jirgi. Ko yana tsakiyar aiki, da ya ji kukan jirgi sai ya ajiye tabarau ya fito bakin ƙofa yana ɗaga hannu, sai ka ce surukinsa ne ke tuƙi. Bangon shagon duk hotunan jiragen ƙasa ne. Wanda ya fi so shi ne na wani tsohon jirgi mai cin kwal, can wata ƙasa mai nisa, yana hawan dutse yana tuƙa hayaƙi.

Autarsa, wadda ke aikin jinya a asibiti, ta daɗe da ƙudurta cewa sai ta kai shi ya ga jirgin nan ido da ido. Da hutunta ya matso, ta zo gida ta shimfiɗa taswira a kan teburin falo, ta danne gefunanta da kofunan shayi.

"Baba, ga otal a nan bakin teku. Ga gidan tarihi, ga kasuwa..."

"Auta, teku ai ruwa ne, na san ruwa. Ina tashar?"

Ta nuna masa. Ya bi layin da yatsa a hankali, bakinsa ya ƙi rufuwa. Shi dai a ba shi kujerar gefen taga, a taragon da ke bin kan jirgi, don ya sha hayaƙi. Auta ta soke teku, ta soke kasuwa, tana dariya.

Can sai yatsan ya tsaya cak.

"To daga nan gida zuwa can, wane jirgi za mu bi?"

"Na sama mana, Baba."

Baba ya gyara zama, ya yi gyaran murya. Ya ce shago ba ya son a rufe shi. Ya ce gwiwarsa ma kwanan nan ba ta jin daɗi. Auta ta dube shi, sai yanzu ta gane: mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa jirgi kirari, tsoron na sama yake ji.

"Abin da ba shi da layi a ƙarƙashinsa," in ji shi a hankali, "a kan me yake tafiya?"

Mama tana gefe tana guga, ta gama ninke riga ta ɗago kai.

"Ƙyale shi, Auta. Sa sunana. Tun ina amarya nake share ƙurar hoton nan, ni ma in je in ga mai shi. In na dawo, Malam, zan ba ka labari."

"Ke? Ke da ba ki san kan jirgi da wutsiyarsa ba?"

"Direban zai nuna mini."

Baba ya miƙe tsaye, gwiwa ta warke nan take. "Auta, yanki tikiti uku!"

Ranar tafiya, tun da jirgin sama ya fara gudu Baba ya runtse ido, ya damƙe hannun Mama yana ta addu'a, har ma'aikaciyar jirgin ta zo ta tambaya ko lafiya. Mama ta ce lafiya lau, ita ce mai tsoro, shi yake ba ta baki.

Washegari da hantsi suka isa tashar da ke gindin dutsen. Jirgin yana tsaye, baƙi wuluk, yana huci. Baba ya matsa ya dafa ƙarfen da tafin hannu. Auta ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto, sai ta ga idonsa ya kawo ruwa.

"Hayaƙi ne," in ji shi. "Ku hau mana, kada a bar mu!"