Ranar da Aka Yi Rawa a Kan Tulunan Gemariya

Rowa zan yi magana a kanta, irin rowar da mai ita yake kira hangen nesa. Wanda ka roƙa ya ce babu alhali akwai, mun saba da shi, kowace unguwa tana da nata. Amma wanda zai bar rami a ganuwar gari don kada a taɓa masa tulu, mutum ɗaya na sani, Gemariya ɗan Mattan, kuma ina tsaye abin ya same shi.

Ganuwar garinmu bango biyu ce, na waje da na ciki, da ɗakuna jere a tsakaninsu. Duk gidan da ya jingina da ganuwa yana da ɗaki guda a ciki, nan ake ajiye tuluna saboda sanyi. A bisa ɗakunan an jera azara an daɓe da ƙasa, nan masu tsaro ke kai da kawowa. Doka kuwa tun kakanni ɗaya ce: in yaƙi ya taso, kowa ya kwashe kayansa ya kai rumbun gari da ke bakin ƙofa, ya cika ɗakinsa da duwatsu da ƙasa har rufi. Bango biyu su zama ɗaya, gungumen da abokan gaba ke fasa ganuwa da shi ya yi ta bugu har ya gaji.

A shekarar nan, ana gama matsar zaitun, sai aka hango hayaƙi a kan tudun Lakish. Rundunar Assuriya ta taso. Mu dattawa muka zauna a ƙofar gari muka ce a cika ɗakuna.

Ban taɓa ganin aikin tsoro da aka yi shi da dariya kamar wannan ba. Mata suka yi layi tun daga kwari har gindin ganuwa, kwandon ƙasa na bin hannu, suna rera waƙar da ake tattake inabi da ita. Maza na jidar tuluna zuwa rumbu, kowane tulu da hatimin mai shi a hannunsa. Tsohuwa Yekoliya, maƙwabciyar Gemariya, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, tulu biyu ne duk arzikinta. Ta dire su gaban Zakkur mai tsaron ƙofa, wani ƙato mai tumbi, ta ce, "Ka lura da su, ɗan nan. In ɗaya ya fashe, kai za ka aure ni."

"Inna, ai gara in kwana rungume da su," in ji Zakkur.

Gemariya, wanda zaitun ɗinsa ya fi na kowa yi a shekarar, ya zo da tulu uku, su ma na ƙasan matsa ne, rabi mai rabi laka.

Zakkur ya leƙa bayansa. "Kawu, ina sauran?"

"Wane sauran? Tsutsa ta gama da ni bana."

"Ikon Allah! Tsutsar nan ta san gidan masu hali. Ta tsallake gonar Inna Yekoliya ta faɗa taka."

Aka kwashe da dariya. Gemariya ya ɗaure fuska ya tafi.

Da layin mata ya iso ƙofar gidansa da kwanduna, ya ce su wuce, shi ba ya son hayaniya, da hannunsa zai cika nasa. Ya rufe gida. Abin da ya yi, bakin ɗakin kawai ya toshe, jeri ɗaya na duwatsu, ya shafe da laka. A baya kuwa tulunansa na nan cunkushe, bai fitar da ko ɗaya ba bayan ukun nan.

Matarsa Hogla ta tsaya tana kallo, hannu a haɓa. "Baban Tirza, in gungumensu ya bugi nan fa?"

"Ganuwa ta zagaye gari kaf, sai nawa za su zaɓa?"

"To me zai hana ka kai rumbu kamar kowa? Hatiminka na jiki."

"Hatimi zai hana mayunwaci buɗe tulu ne? In aka daɗe a kewaye da mu, bakin kowa zai shiga ciki. Ke dai ki riƙe naki bakin."

Mu dattawa muka zagayo duba, muka ga bakin ɗaki toshe har sama, muka wuce. Har Gemariya ya biyo mu yana cewa babu ɗakin da ya kai nasa cika, ko ɓera ba zai sami wurin juyawa ba.

Sai samari suka hau tara duwatsun majajjawa da manyan duwatsun jifa a bisa ganuwa. Sashen Gemariya shi ke fuskantar hanyar kwari, saboda haka nan aka fi tsibawa. Ya ɗaga kai daga tsakar gida ya hango tsibin.

"Kai samari, ku rage mana!"

"Haba Kawu, ba kai ka ce ko ɓera ba zai juya a ciki ba?"

Ya juya ya shige ɗaki.

Muka yi ta jira. Wata safiya, rana ta ɗan ɗaga, sai ga mai gudu daga kwari, tun daga nesa yana kaɗa mayafi. Runduna ta naɗe tantunanta ta juya arewa, wai fitina ta tashi a ƙasarsu. Ko kibiya ɗaya ba ta faɗo mana ba.

Zakkur ya busa ƙaho har idanunsa suka firfito. Mata suka saki guɗa, wata ta bar gurasa a tanda ta ƙone, tsofaffin da suka ce gwiwa ta hana su ɗaukar kwando sai ga su suna tsalle. In Ubangiji ya tsare gari, a bisa ganuwa muke gode masa: a hau ta ƙofa, a zagaye da rawa, a sauko ta ƙofa. Duk gari ya hau. Zakkur a gaba da ƙaho, mata a baya da bandiri, yara a wuyan iyayensu. Ƙasa na amsawa dim, dim, don ko'ina a cike yake.

Mutum ɗaya ne bai yi murna ba. Gemariya ya hau da gudu ta tsanin gidansa, ya tsaya a bakin sashensa, ya ware hannuwa.

"Ku juya! Kada ku bi ta nan!"

"Don me, Kawu?"

"Matata ce kwance, kai ke sara mata."

"Wace matar? Ga Hogla can tana dukan bandiri kamar ta fasa shi!"

Tsohuwa Yekoliya ta cafke masa hannu. "Zo nan, ƙanena. Yau ba mai ɗaure mana fuska. Taka!" Ta jawo shi gefe tana juya shi, shi kuwa yana fizga yana ihu, kiɗa ya danne muryarsa.

Zakkur ya haye tsakiyar wurin, kusa da tsibin duwatsu. "Jama'a, nan ne wurin da ya fi ko'ina ƙarfi! Mu gwada shi!" Ya yi tsalle ya dira. Na baya suka buga ƙafa tare.

Sai muka ji ƙas! Azara ta yi kuka. Mutane suka ja da baya suna faɗa wa juna, rufin ya buɗe baki, Zakkur da ƙahonsa da duwatsun nan duka suka nutse. Abin da ya biyo baya, ƙarar tuluna ce, kamar an saki jaki a rumfar maginin tukwane.

Kiɗa ya tsaya cak. Ƙura ta lafa. Can sai murya ta fito daga rami.

"Ina da rai! Amma ku zo ku ga abin mamaki. Ganuwar Kawu Gemariya mai take tatsowa!"

Kafin a leƙa, hanci ya riga ya ba da labari. Jerin duwatsun da ya toshe bakin ɗaki da su ya ture, mai da ruwan inabi suka malalo tsakar gida, suka bi ƙofa suka gangara hanya. Aka miƙa wa Zakkur hannu, ya sulluɓe. Aka sake, ya sake sulluɓewa. Sai da aka ɗaura masa igiya a ƙugu aka jawo shi yana ƙyalli tun daga gemu har yatsa, yana lasar baki.

"Kawu," ya ce, "tsutsar nan taka ta iya matsa."

Ni da ba a san ni da dariya ba, ranar sai da na dafa bango. Mata suka sauka da ƙoƙuna suna yaɗe man da ya taso sama, na fitila ya samu. Awaki suka lashi abin da ya taru a kwata, suka yi ta tangaɗi har yamma. Aka tsallake ramin ɗaya bayan ɗaya aka ƙarasa zagaye, Hogla ma ba ta ajiye bandirinta ba.

Da aka sauko, aka buɗe rumbu. Zakkur na duba hatimi yana kiran suna, kowa ya ɗauki nasa cif, ba ko ɗaya da aka buɗe. Yekoliya ta karɓi biyunta ta ce, "Ka tsira, ɗan nan." Aka yanka tumaki, aka fito da ɓaure da zabibi, aka ci aka sha a bakin ƙofa.

Sa'an nan muka kira Gemariya. Na ce masa, "Da rundunar nan ta zo, ta ɗakinka za ta shigo ta yanka 'ya'yanmu, har da Tirza taka. Ubangiji ya yi mana sauƙi, ƙafar masu rawa ce ta gano ka, ba gungume ba." 

Ga abin da rowa ta ci masa. Tulun mai ashirin da bakwai. Tulun ruwan inabi goma sha ɗaya. Tukunyar zuma biyu. Sashen ganuwar da ya rufta, shi ya sake ɗora shi da hannunsa, ba wanda ya miƙa masa kwando. Ɗakin kuma aka cika shi har rufi, ba a sake buɗe masa ba. Mazauninsa cikin dattawa a ƙofar gari aka ba wani. Abin da ya rage masa na shekarar, tulu ukun nan ne da ya kai rumbu, rabi mai rabi laka.