Ƙofar Asibitin Ido

"Juya," in ji Baba Kafinta, ya dafa kafaɗar Guguwa. "Juya mu koma gida."

Guguwa ya taka birki a gefen titi, ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa. Ga katangar asibitin can ana hangowa.

"Baba, ai mun iso. Lafiya?"

"Ka ga farar motar can? Irin ta kawun yaron nan ce."

"Irin motar nan ta cika gari. Ko mai gidan burodin layinmu yana da ita."

"Na ce ka juya."

Ya juya.

Duk wata Guguwa ke ɗauko maƙwabcin nasa a babur. Ɗakin da yake haya da shagon Baba bango ɗaya ya raba su. Yakan sauke shi a ƙofar asibitin ido, Baba ya tsaya yana goge tabarau har mutane su ragu, sannan ya bi ta bayan katanga ya shiga ɗaya ginin, inda ake duba masu ciwon ƙwaƙwalwa. Likita ya ce masa ciwon damuwa ne, kuma yana jin magani. Ya ji ɗin kuwa. Mutumin da a da yake wuni a kwance fuskarsa na kallon bango ya dawo yana buga guduma tun da sassafe, har Guguwa na yi masa tsiya cewa ya hana gwauro barci. A unguwa kowa ya san Baba Kafinta yana fama da ido. Daga matarsa sai Guguwa suka san sauran.

To yanzu wani yaro ya fito neman Auta, 'yar Baba ta ƙarshe, ita ma tana son sa. Dangin yaron sun wakilta kawunsa ya binciki gidan. Ya riga ya zauna wurin mai shayi, ya leƙa wurin mai aski, yana tambaya cikin fara'a.

"In ya ji uban yarinya yana zuwa wancan ginin," in ji Baba a hanya, bakinsa dab da kunnen Guguwa saboda iska, "ka ɗauka zai tsaya tambayar sunan ciwon? Asibitin mahaukata zai ce. Ya ce a jini yake."

"Maganin fa?"

"Da saura. Zan riƙa raba ƙwayar biyu. In an gama biki sai mu ci gaba, ai na ji sauƙi."

Da wata ya zagayo Guguwa ya tsaya a ƙofar shago ya danna hon. Baba ya ɗaga masa hannu daga ciki, alamar ya wuce. Na gaba ma haka. Sannu a hankali gudumar ta yi shiru. Baba yana buɗe shago, amma zama kawai yake yi a kan benci, zarto a cinyarsa. Masu kujeru suka gaji da sintiri, wasu suka kwashe katakonsu suka kai wani wurin.

A teburin mai shayi kowa da nasa bayanin.

"Hannu aka sa masa," in ji wani direba. "Sana'a ta fara kyau, ai dole."

"Wane hannu? Rashin godiya ne," in ji mai shayi yana zuba madara. "Ga mata, ga 'ya'ya, ga sana'a. Mu da muke tsaye a gaban wuta tun asuba me za mu ce?"

"Guguwa, kai ne direbansa. Ko idon ne ya hau masa kai?"

Aka yi dariya. Guguwa ya shanye shayinsa da zafinsa, ya tashi.

Wata rana da la'asar ya shiga shagon ba tare da ya nemi dalili ba. Baba ya rame, gemunsa ya fito ba tsari. Ya nuna masa gefen benci, ya zauna.

"Ka san abin da ya fi ba ni wahala?" in ji Baba. "Sa takalmi. Da safe sai in zauna ina kallon su. Ga su nan a gabana, amma kamar an ce in je wani gari a ƙafa."

"Baba, gobe in kai ka. Ta bayan kasuwa za mu bi, ba wanda zai gan mu. In ma ka ga dama ka sa hular kwanona, ko uwar da ta haife ka ba za ta gane ka ba."

Baba ya ɗan murmusa. "Kai dai ba ka girma."

"Gobe ɗin?"

"Allah ya kai mu."

Washegari yana goge babur matar Baba ta fito, mayafinta a karkace.

"Ɗan nan, zo ka taya ni da ƙofar shagon. Ta ciki aka kulle, ina ta magana ba ya amsawa."

Ya buga, ya kira. Sannan ya ja baya ya sa kafaɗa. A karo na biyu sakatar ta tsinke. Ya ga abin da Baba ya yi wa kansa, ya juyo da sauri ya tare ƙofar da jikinsa.

"Mama, kada ki shiga."

Ba ta yi ihu ba. Ta dube shi, ta zauna a ƙasa a inda take.

Ƙanin Baba ne ya fara isowa. Ya shiga, ya daɗe, ya fito ya ja ƙofar, ya kama Guguwa a hannu.

"Zuciyarsa ce ta buga. Yana aiki ya faɗi. Ka ji ni?"

"Na ji."

"Akwai yarinya a gidan nan. Ka ji ni da kyau?"

"Na ji, Baba ƙarami."

Haka aka faɗa, haka aka karɓa, a fili dai. A kan tabarmin gaisuwa mutane na cewa hawan jini ba ya sallama, suna haɗa ido. Mai shayi ya fi kowa kuka.

Ana cikin zaman makoki kawun yaron ya zo. Ya yi gaisuwa, ya yi addu'a mai tsawo, da ya tashi tafiya sai ya yafito Guguwa zuwa jikin motarsa. Dattijo ne mai sanyin murya, ba alamar mugunta a tare da shi.

"Samari, an ce kai kake kai marigayi asibiti."

"Ni ne."

"Ba da wata manufa nake tambaya ba. Amana aka ɗora mini, kuma ka san mutane da magana. Wane asibiti?"

Guguwa ya so ya ce: ciwo ne mai suna, mai likita, mai magani, kuma maganin yana aiki har ranar da muka hango mota irin taka. Ya so ya faɗa da ƙarfi, har na kan tabarma su ji. Ta cikin ƙofar gida ya hango Auta tana jera kofuna a tire, idonta a kumbure.

"Asibitin ido," ya ce. "A ƙofar nake sauke shi."

"Ido kawai?"

"Ido kawai, Baba."

Kawu ya sauke numfashi. "Alhamdulillahi. Ido kam ai girma ne, duk muna hanya." Ya dafa shi. "In an kwana biyu za mu dawo a tsayar da magana. Allah ya yi maka albarka."

Motar ta tashi. Guguwa bai motsa ba sai da ya ji mutum a bayansa. Auta ce, da kofin ruwa.

"Yaya, me ya tambaye ka?"

"Inda nake kai Baba."

"Ka ce me?"

"Na ce ido."

Ta miƙa masa kofin, ta jira ya sha. Tana kallon ƙasa ta ce, "Ban taɓa ganin Baba ya ɗiga magani a idonsa ba."

Ta karɓi kofin ta koma ciki.

Ranar bai fita aiki ba. Ya zauna a kan babur ɗinsa a inuwar bango, fasinjoji na tsayar da shi yana girgiza kai. Can sai ga wasu mata biyu daga cikin masu dafa wa baƙi abinci, itacensu ya ƙi kamawa. Suka tura ƙofar shagon, suka tsaya a bakin ƙofa ba su shiga ba. Ɗayar ta durƙusa, ta miƙa hannu iya inda ya kai, tana jawo dusar katako tana zubawa a tsohon kwano.