Cinikin Farko na Kaka Sau

A kuɗin Vietnam, takardar dong dubu ashirin shuɗiya ce. Ta dubu ɗari biyar ma shuɗiya ce. Sau uku cikin wata guda Kaka Sau tana miƙa babbar a matsayin canji, kuma sau ɗaya kawai aka dawo mata da ita.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana sayar da shinkafa mai danƙo da gyaɗa a bakin lungunsu a birnin Can Tho, sai ga yanar ido ta fara rufe mata gani. Ɗanta Loc ya yanke hukunci: ranar Lahadi zai zo ya ɗauke tukunyar, tsohuwa ta zauna a gida.

Abin ya ƙona wa jikarta Quyen rai. Ita ma'aikaciyar kantin magani ce, ta ga tsofaffi da yawa da aka zaunar haka, ta kuma ga yadda suke lalacewa cikin 'yan watanni. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne, kowa a gidan ya ɗaga kafaɗa ya ce tsufa ne, sai haƙuri. Idon ne fa kawai ya gaza! Hannu lafiya, kai lafiya, kunne kuwa ko ɓera ya gifta a kicin sai ta ji.

"Kawu, ka ba ni kwana uku," in ji ta.

"Ke da wayarki! To, na ba ki. Amma Lahadi Lahadi ce."

Quyen ta buɗe wa kakar asusu, ta manna lambar biyan kuɗi ta waya a jikin teburin sana'arta, ta ajiye wata 'yar na'ura mai faɗin adadin duk kuɗin da ya shigo. Masu biya da takarda kuma su zo da kuɗi daidai, babu sauran canji.

Kaka Sau ta shafa na'urar ta taɓe baki. "Wannan 'yar surutun ce za ta riƙe mini kuɗi? Ke dai ba ki da kunya. Cinikin farko kuma fa? Me zan kaɗa a kan tukunya, iska?"

A nan gizo ke saƙar. Kullum kuɗin mai sayen farko sai ta riƙe shi a hannu ta zagaya bakin tukunya da shi, don kasuwa ta buɗe. In kuwa mai sayen farko ya tafi bai saya ba, ranar ta ɓaci ke nan, sai an ƙona takarda an kori baƙin jini.

Washegari da sassafe wata budurwa mai kai saƙo ta taka birkin babur a gabansu.

"Kaka, ƙunshi ɗaya, a cika gyaɗa." Ta zaro waya.

"Takarda, 'yar nan. Ke ce ta farko."

"Kai, Kaka! Rabona da takarda tun bikin sabuwar shekara. Wuni nake a kan babur cikin ruwa, in tsaya neman canji a kowane gida? Bari dai in je gaba." Ta tayar da babur.

Quyen ta ciji leɓe. Ta ga fuskar kakarta ta canza: ga kuɗin da ba a taɓawa, ga kuma mai sayen farko na shirin tafiya hannu rabbana.

"Tsaya, mara haƙuri!" Kaka Sau ta daka tsawa. "Uban wa ya ce ki tafi? Danna abin naki."

Na'urar ta yi ƙara, muryar mace ta ce, "An karɓi dong dubu goma sha biyar."

Tsohuwar ta ji adadin sarai da kunnenta. Ta fi shekara ba ta san tabbacin abin da aka ba ta ba sai ta tambayi wani. Ta lalubo na'urar, ta ɗaga ta, ta zagaya bakin tukunyar da ita sau uku. Budurwar ta tuntsire da dariya har hularta ta karkace.

Ranar Lahadi Loc ya iso da mai keken ɗaukar kaya. Ya taras da ɗalibai sun yi layi, kowa da waya, na'ura na ta magana. Bai yi gaisuwa ba. Ya shiga layin, ya sauya murya ya nemi babban ƙunshi na dubu ashirin, sannan da gangan ya tura sha biyu.

Kaka Sau ta riƙe ƙunshin gam.

"Saura takwas. Kuma Loc, ni na haife ka, ko cikin rijiya ka yi magana na san ka. Uwarka za ka cuta?"

Layi ya kaure da dariya. Loc ya sosa ƙeya, ya tura cikon. Ya dubi tukunyar, ya dubi Quyen, sannan ya sallami mai keken.

"Matsa gefe ka ci," in ji tsohuwar. "Kana tare mini kasuwa."