Takalman Bakin Ƙofa

A layin da Uwaisu yake zaune a Dagenham, gabashin Landan, akwai wani tsohon shagon ɗinki da Indiyawan unguwa suka mayar wurin ibadarsu. Ran Lahadi da yamma sai ƙanshin turare ya cika layin, ƙararrawa tana kaɗawa a hankali, takalma jere a bakin ƙofa don ba a shiga da su.

A hunturun 1987 wasu samarin Turawa masu aske kai ƙwal suka sa wurin a gaba. Da an fara waƙa a ciki sai su zo su yi ta ƙwallo da takalman har cikin kwata. Wata rana Uwaisu yana dawowa daga aikin gini ya tarar da Savitaben, tsohuwar da ke zaune a hawan ƙasa na benensu, tana tafiya gida da safa kawai a kan ƙanƙara.

"Na daina zuwa, ɗana," ta ce masa. "Ƙafata ba za ta iya ba."

Lahadin da ta zagayo ya saka manyan takalman aikinsa masu ƙarfe a baki. Fatawu, ɗan Kumasi da suke ɗaki ɗaya, ya bi shi da ido.

"Malam, gadin gumaka za ka yi yanzu?"

"Ba shiga zan yi ba. Kai da ka fito masallaci ka tarar an watsa takalminka a titi, ya za ka ji?"

"Za a fasa maka kai."

"To ka zo ka kwashe ni."

Ya ƙwanƙwasa wa Savitaben ƙofa, ya ce ta shirya. Ta dube shi, sannan ta ɗauko mayafinta.

Da suka isa wurin ibadar ta shige ciki, sai Uwaisu ya kwance igiyar takalmansa, ya ajiye su a tsakiyar jerin, kusa da ƴan silifas ɗinta. Ya tsaya ba takalmi, sanyi yana cin tafin ƙafarsa.

Ba a jima ba samarin suka ɓullo. Babbansu ya dube shi ya yi dariya.

"Kai ma nasu ne?"

"Ga nawa nan a tsakiya. Da su za ka fara."

Saurayin ya ɗaga ƙafa. Sai ƙofa ta buɗe, Savitaben ta fito ba takalmi, wasu matan suna biye da ita, har da tsohon da ke jan ibadar. Suka jeru a bakin titi, ba su fasa waƙarsu ba. Daga can ɓangaren Fatawu ya tsallako yana gunaguni, ya tuɓe nasa ya jefa cikin jerin.

Saurayin ya sauke ƙafarsa. Ya tofa yawu a ƙasa, ya zagi kowa, suka wuce.

Bayan an tashi, Savitaben ta miƙo wa Uwaisu alawar madara a takarda. Ya yi jim, don ya san sukan kai irinta gaban abin bautarsu kafin a raba.

"Ci abinka," ta ce. "Wannan daga kicin ɗina take, ba ta shiga ciki ba."

Ya gutsura, ya miƙa wa Fatawu sauran, sannan ya juyo ga Savitaben.

"Anti, ran Lahadi ki shirya da wuri."