Ɗinyar Inuwa

Sau biyu gwajin Hamida yana lalacewa. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Birnin Kebbi kafin ta koma karatun digiri na biyu, ta kuma zaɓi yin bincike kan sinadarin da ke sa ɗinya baƙi, ko yana rage kumburi. Ta shanya ɗinya a rana, ta daka, ta tace, ta ba ɓerayen gwaji masu kumburarriyar ƙafa. Ƙafa ko gezau.

Dakta Malami, mai duba aikinta, ya ce, "Hamida, saura wata huɗu. Ki sake wani batun."

Ranar Asabar ta hau mota zuwa Argungu wurin gwaggonta Ruƙayyatu, wadda ta tsufa cikin sana'ar maɗin ɗinya. Hamida ta zazzage mata sauran busasshiyar ɗinyar a faifai. Tsohuwa ta ɗauki ɗaya, ta murza, ta shinshina.

"Ɗiyata, wa ya gasa wagga? Rana ta shanye ta sarai. Dubi, ta yi fari awa toka."

"Gwaggo, ba a rana ake shanyawa ba?"

"Mai son ƙwallo shi ka shanyawa a rana. Mai son baƙin, inuwa."

Hamida ta sake duban faifan. Ta sha karantawa cewa zafi da haske suna lalata irin wannan sinadari, amma ba ta taɓa kawo tabarmar shanyarta a lissafi ba.

Suka tsinko sabuwa daga bishiyoyin bakin fadama, suka baza a zaure har kwana tara. Da ta tace, ruwan ya fito baƙi wuluk, ya rina mata yatsu.

Ta koma ɗakin gwaji ta ba ɓerayen, ranar awo ta ɗauko ma'auni. Ɓera na farko, kumburi ya ragu. Na biyu ma haka. Da ta kai na takwas sai ta zauna a ƙasa tana dariya, hawaye na zuba. Dakta Malami ya karɓi ma'aunin ya sake awon da kansa, sannan ya cire tabarau.

"Na janye maganata. A aika sauran ruwan a gwada kan ƙwayoyin sankara."

Bayan mako shida amsa ta iso: a cikin faranti na gwaji, ƙwayoyin sun rage yaɗuwa.

Da ta kai albishir Argungu, Gwaggo ta tambaya, "To, mu fara ba masu ciwon daji?"

"A'a, Gwaggo. Su ci gaba da zuwa asibiti. Tsakanin faranti da jikin mutum akwai aikin shekaru. Amma ƙofa ta buɗe, kuma sunanki yana cikin takardar binciken, ga ta nan."

Tsohuwa ta gyara ɗaurin zane, ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabta su zo su ji, ta ce wa Hamida ta karanto wurin sunan da ƙarfi.