Mutum Ɗaya, Layi Ɗaya

A shekarun da kuɗin mai suka mai da kowane mai tifa ɗan kwangila, Alhaji Yari ya sayo wa kamfaninsa na shimfiɗa kwalta kwamfuta. Ba wai ya matsu da ita ba ne, labari ya ji cewa wani takwaransa a Kano ya sayi irinta. Aka ware mata ɗaki a ofishin kamfanin da ke bakin GRA, aka sa mata iyakwandishan, aka ce duk mai shiga ya tuɓe takalmi.

Malam Babaji mai buga tafireta bai taɓa tuɓe nasa ba, don babu wanda ya ce ya shiga. Shekararsa goma sha bakwai a kamfanin, kuma shi ne ya kamo hannun Ɗanladi, maƙwabcinsa a Ƙofar Sauri, ya roƙa masa aikin akawun sito. Amma da aka tashi tura mutum Zariya ya koyo sarrafa na'urar, sai aka tsallake shi aka ɗauki Ɗanladi, wai kansa yana ja a lissafi. Bayan wata tara ya dawo da Besfa sabuwa fil da mabuɗin ɗakin sanyi, Alhaji kuma ya koma kiransa Injiniya. Babaji ya yi masa barka da baki, amma cikinsa ya ƙi. Hassada ce tsagwaronta, shi ma ya san sunanta, sai dai bai taɓa faɗa wa ko matarsa ba.

A ɗakin sanyin akwai kujera ta biyu wadda babu kowa a kanta. Alhaji ya ce bayan Sallah zai zaɓi mutum ɗaya daga masu buga takardu ya zauna a kai, a tura shi kwas shi ma. Su biyu ne kawai: Babaji, da Hauwa'u da aka ɗauka bara. Babaji yana son kujerar nan kamar ransa, yana kuma jin zafin cewa sai ta hannun Ɗanladi za a same ta.

Aikin farko da aka ba na'urar shi ne buga wa leburori katin shaida, su ɗari huɗu da goma sha biyu. Ɗanladi ya gunguro wata tafireta mai lantarki zuwa teburin Babaji, irin wadda in ka buga harafi take huda wani siririn zaren takarda. Ya yi masa bayani cikin ladabi, ladabin ma ya ƙara ƙona masa rai. Ya ce ita na'urar ba ta ganin shafi. Duk rubutun nan, a wurinta igiya ɗaya ce doguwa. Shi ne ya rubuta mata umarni cewa duk inda ta tarar da hujin komawa sabon layi, ta yanke a nan, ta ajiye abin da ta yanko a gurbinsa, gurbi na ɗaya, na biyu, har ƙarshen jeri. Kowane gurbi kuma kati ɗaya ne.

"Shi ya sa, Yaya Babaji, mutum ɗaya layi ɗaya. Ko sunan ya wuce bakin takarda, kada ka dawo sai ka gama da shi."

Babaji ya ce ya ji. A ransa kuwa cewa ya yi, yau ga ƙwai yana koya wa kaza wayo.

To, leburorin Alhaji mutanen karkara ne, kuma Garba kaɗai ya kai talatin. Don haka a kamfanin ba a rubuta suna tsirara. Sai an haɗa da uba, da garin da mutum ya fito, da unguwar da ya sauka: Garba ɗan Malam Almu, mutumin Batagarawa, mazaunin Ƙofar Kaura. Babaji kuwa abin alfaharinsa a duniya shi ne gefen takardarsa a miƙe yake sak. Da ya kusa baki, hannunsa ke dawowa da kansa, ya ƙarasa sunan a ƙasa.

Sunan farko da ya karya kuskure ne, Allah shaida. Sai da ya wuce da layi biyar ya gani. Gyaran bai fi minti biyu ba, ya je ya faɗa a yanke wurin a sake. Ya ɗaga kai ke nan, sai ya hango ta gilashi Alhaji ya dafa kafaɗar Ɗanladi yana nuna shi ga wasu baƙi, suna ta dariya. Babaji ya mai da idonsa kan aiki. Ya ce wa kansa, na'urar da ake cewa ta fi mutum ƙwaƙwalwa ai za ta gane rabin suna. In kuma ba ta gane ba, sai a ga iyakar Injiniya. Daga nan duk sunan da ya yi tsawo sai ya karya shi biyu, har sau goma sha tara in an haɗa da na farkon, yana yi yana jin wani daɗi mai ɗaci.

Ranar rabon kati aka tara leburori a farfajiya, Alhaji ya ce shi zai kira suna da bakinsa. Katuna suka fito ɗari huɗu da talatin da ɗaya. Ya yi ta kira lafiya lau, har ya zo kan wani kati ya karanta da ƙarfi, "Mazaunin Ƙofar Kaura." Mutum wajen arba'in suka ɗaga hannu. Na gaba ya ce "Mutumin Rimi," babu suna babu uba. Dariya ta ɓarke har da masu gadi. Alhaji ya juya ya tambayi Ɗanladi ko aljanu aka ɗauka aiki bai sani ba.

Babaji ya jira daɗin da ya yi kwana uku yana tanadi, bai zo ba. Ɗanladi ya sunkuyar da kai ya ce laifinsa ne, shi ne bai koya wa na'urar bambanta cikon suna da sabon mutum ba, kuma zai gyara kafin La'asar. Bai ko kalli wajen Babaji ba. Alhaji ya yi wa Ɗanladi wankin babban bargo a gaban leburori, ya shige mota.

Bayan an idar da La'asar, Ɗanladi ya zo teburinsa da takardun a hannu. Ya gaishe shi kamar kullum, ya tambayi iyali, sannan ya ajiye shafin farko ya ɗora yatsa a kan layin da aka fara karyawa.

"Wanga na san kuskure ne," in ji shi a hankali. "Amma daga nan sai da ka buga dogayen sunaye huɗu a layi ɗaya, daidai yadda na hwaɗa maka. Sannan ka koma karyawa. Hannunka ya iya, Yaya."

Ya janye yatsansa daga kan takardar, ya ci gaba.

"Sunanka na kai ma Alhaji don kujera ta biyun nan tun watan jiya. Shi ya sa na kawo maka aikin, don ya gani da idonshi. Ban gaya mashi komi ba, ba ni kuma gaya mashi. Amma ba ni iya zama ɗaki ɗaya da mutumin da sai na bi bayan kowane layi nashi."

Ya tattara takardunsa ya tafi. Da ma ya kai ƙararsa, da Babaji ya samu abin riƙewa a rai. Ranar Litinin bayan Sallah, yana cikin saka takarda a tafiretarsa, ya ga Hauwa'u ta tsaya a ƙofar ɗakin sanyi tana tuɓe takalmi.